Om Hamsin da Haƙƙin Baba Bukar

Yakasai, cikin birnin Kano
Ranar Alhamis

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa da sa albarka irin ta uba. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ki warware wannan takarda kin riga kin sauka Fatakwal lafiya, kin sami ɗaki mai makulli da maƙwabta masu mutunci. Allah ya kare ki daga sharrin hanya da na ruwa da na mutum. Na ce wa mahaifiyarki ta cusa takardar a ƙasan akwatinki don kar ki gan ta sai kin yi nisa. Na san halinki. Da a gida kika karanta, da kin zo kin tsaya mini a ka da tambayoyi, ni kuwa ba ni da idon da zan kalle ki da shi.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin bar kowa yadda kika san shi. Magana ɗaya ce. Akwai haƙƙin mutum a wuyana shekara ashirin da wani abu, haƙƙin Baba Bukar na Jakara, wanda kika tashi kina ganinsa a zauren gidanmu kamar ƙanina, mai zuwa miki da dabino a aljihu. Yanzu yana kwance, kin gan shi da idonki. Yafiyarsa nake nema, kuma ina jin na makara. Tunda aikin da kika tafi yi shi ne irin wanda na yi, auna kayan sadarwa da sa hannu a kan rahoto, gara ki ji yadda ubanki ya yi nasa.

Lokacin kina goye, ina aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa da aka buɗe sabo a garin nan. Ni ne shugaban sashen injuna. Difloma gare ni, amma kowa Injiniya yake kirana, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Bukar kuwa ko takardar firamare ba shi da ita. Gidansu gidan malamai ne, kakansa daga Borno ya zo da littattafansa ya zauna a Jakara, shi kaɗai ne ya kauce ya koyi gyaran rediyo a wata rumfa a bakin kasuwar Kurmi. Amma hannu, Ummi! Mutumin nan sai ya ɗauki allon lantarki ya kai hanci, ya juya shi, ya ɗora yatsa ya ce nan ne, kuma nan ɗin ne. Ni na kai shi gidan rediyon da ƙafata, na ce wa manaja na samo masa zinariya. Ba a yi wata shida ba manaja ya daina leƙowa yana cewa "Ina Injiniya?" ya koma "Ina Bukar?" Abin ya zauna mini a ƙirji. Na faɗa miki wannan ne don kar ki ɗauka rashin sani ne kaɗai ya ja ni.

Ana nan sai babban sashen transmita ya ƙone, wanda yake ƙara wa sigina ƙarfi kafin ta hau eriya. Tasha ta yi shiru, aka yi odar sabo daga waje. Kafin ya iso aka lura ƙaramin allon da yake haifar da siginar ya miƙa wa babban, shi ma ya taɓu. Bukar ya zauna a kansa kwana uku, ya canja abin da zai canja, ya ce ya tashi. Manaja ya tsorata da asarar farko, ya ce ba za a haɗa allon da sabon sashe ba sai Injiniya ya auna shi da osiloskop, wato sikof, na'urar da take zana sigina a gilashi. Sikof ɗin nan ni kaɗai nake taɓa shi, makullin ɗakinsa a aljihuna yake kwana.

Takardar da ta zo da allon ta ce bolt ɗaya ya kamata ya fitar. Na ɗauko wayar kowaks doguwa, irin mai kaurin nan ta eriya, ta kai taku huɗu, na ɗaura kai ɗaya a allon, ɗaya kan na murɗa shi kai tsaye a bakin sikof. Layi ya fito a gilashi yana neman bolt biyu, ga shi a karkace, kansa da ƙusumbi. Na sa wata waya gajera, lambar ta sauya. Na mayar da doguwar, ta sake sauyawa. Mai hankali a nan zai dakata ya ce, to me ya haɗa lafiyar allo da tsawon waya? Ni kuwa daɗi na ji. Wallahi daɗi na ji, Ummi, har cikin raina.

Na juya na ce wa manaja, "Ranka ya daɗe, ka gani da idonka. Ninki biyu yake bayarwa, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Aka haɗa wannan da sabon sashe, sai dai a sake yin oda."

Bukar ya matso ya leƙa gilashin, hularsa a hannu. Ya ce, "Malam Inuwa, ni dai na duba da mitata, ban ga haka ba."

Na ce, "Mitarka ta bakin Kurmi? Wannan na'ura ce, Bukar, ba ta san ɗan uwa ba."

Manaja ya yi dariya. Bukar ya daɗe yana kallon layin nan, sannan ya ce, "Haka ne. Ta fi ni gani."

Na san an koya muku abin da ya faru tun kuna aji biyu, kar ki yi mini murmushin nan naki na 'yan jami'a. Ki bar ni in faɗa da bakina, don ke da kuɗin makaranta kika saya, ni da mutum na saya. Bakin sikof ɗinmu, turjiyar da yake yi wa lantarki om miliyan ɗaya ce. Wayar om hamsin ce, allon ma an gina shi ne ya tarar da hamsin a ƙarshen hanya, bolt ɗayan da takarda ta ce ma a kan hamsin ɗin ake nufi. Sigina mai sauri, irin ta megahaz da yawa, idan ta zo ƙarshen waya ba ta tarar da abin da zai shanye ta ba, sai ta juyo da baya ta hau kan mai zuwa, kamar yadda murya take dawo wa mutum a soron da aka kwashe wa kaya. Shi ya sa na ga ninki, shi ya sa tsawon waya yake canja lamba. Ni na taso ne a kan gyaran amfilifaya da lasifika, inda sigina take tafiya a hankali, ko ka sa ko ba ka sa ba duk ɗaya. Maganin kuwa ɗan ƙarfe ne da bai kai babban yatsana ba, tamineta, wadda ake ɗaurawa a bakin sikof ta mai da shi hamsin. Tana cikin kwalin da sikof ɗin ya zo. Da na buɗe kwalin ranar farko na gan ta, na ɗauka murfi ne na hana datti shiga baki, na jefa ta a durowa tare da tsofaffin fiyus da ƙusoshi. Ranar da nake wulaƙanta Bukar, durowar nan tana taɓa gwiwata.

Don haka ki ji. Duk sikof ɗin da aka zaunar da ke a gabansa, kafin ki gaishe da kowa ki karanta abin da aka rubuta a bakinsa. In miliyan ɗaya ne kaɗai, kuma da kowaks za ki shiga, ki sa tamineta. A bakin sikof ɗin za ki sa ta, can ƙarshen waya, ba a tsakiya ba, ba a wajen allo ba. In kin sami mai baki biyu, wadda sigina take ratsa ta ta wuce, ta fi wadda ake rataya wa a mahaɗi mai reshe uku, don ɗan reshen nan ma yana da nasa rikicin idan sauri ya yi yawa. In kuwa sikof ɗin yana da hamsin a cikinsa kuma an kunna, kar ki ƙara wata a waje, za su zama ashirin da biyar, ki koma kina ganin ƙasa da gaskiya. Ki kuma duba ƙarfin da za ta iya ɗauka. Bayan na san ta ma sai da na yi wauta, na ɗaura ta a inda wuta mai ƙarfi, wat da yawa, take fita, ta yi zafi ta ƙona mini yatsa, daga ranar ba ta ƙara zama hamsin ba. Wadda ta taɓa yin zafi ki auna ta da mita kafin ki yarda da ita. Kuma duk ranar da kika canja waya kika ga lamba ta canja, ki cire hannunki daga kan allon mutane, ki fara tuhumar teburinki.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, don shi da alƙalami na yi. Manaja ya ce in rubuta rahoto. Ban bari ko gari ya waye ba, a zaune a wurin na rubuta. Na sa abin da na gani, to wannan a ce rashin sani. Sai kuma na ƙara layi ɗaya a ƙasa, na ce mai yiwuwa irin wannan gyaran ne ya ƙona sashen farko, tunda Bukar ya taɓa buɗe akwatin transmitar makonni kafin nan. Ban auna wannan ba, Ummi. Ban ga komai ba. Hannuna ne ya tafi da kansa, ni kuma na ƙyale shi. Na yi zaton za a ɗan ja masa kunne, a dawo ana cewa "Ina Injiniya?" Washegari aka sallame shi.

Kin san abin da ya yi? Da la'asar sai ga sallamarsa a zaure. Na fito, na shirya jin zagi. Ya durƙusa ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam Inuwa, Allah ya saka da alheri. Da ba ka auna ba, da na ƙona musu na biyu, ina zan sa kaina a garin nan? Kai ka kai ni, na ba ka kunya." Na ce masa ba komai, ƙaddara ce, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Har na raka shi bakin lungu.

Cikin makon nan ya sayar da mitarsa da ƙarfen narka dalma da 'yan kayan aikinsa, ya koma Kurmi ya zauna a rumfar surukinsa yana sayar da huluna. Bai iya ciniki ba, bai taɓa iyawa ba, mutum ne da in mai saye ya yi tsaki sai ya rage masa. Gidansu na Jakara da kika sani, mai ɗaki biyu da rufin da ke yoyo, da bai kamata su ƙare a cikinsa ba. Ko rediyonsa ne ya lalace, nan yake kawo mini a leda, ya ce hannunsa ba shi da sa'a. 'Ya'yansa duk ya hana su kusantar sana'ar.

Ke dai, abin da ba ki auna ba kar ki rubuta shi, ko da an ce ki faɗi ra'ayinki. Kalmar "mai yiwuwa" a bakin mai sa hannu, manaja ba ya jin ta, abin da ya biyo bayanta yake ji. In rahoto zai taɓa abincin wani, ki bari ya kwana, ki sake aunawa da wata wayar da wata na'urar, ki kira mai aikin ya tsaya kusa da ke ya faɗi yadda shi ya gwada. In kuma kin ji daɗi a ranki lokacin da kika ga aikin wani ya faɗi, to ranar ba ranar sa hannunki ba ce, ki miƙa wa wani.

Shekara huɗu ban san na yi kuskure ba, ina ta yawo da kai a sama. Sai aka sayi sabuwar transmita, masu sayarwa suka turo injiniyansu ya haɗa. Ya zauna a gaban sikof ɗina, ya duba bakinsa, ya ce, "Ina taminetarku?" Na ce wace? Ya zaro tasa daga aljihun riga, ya murɗa, ya yi mini bayani a minti biyu yana ta aikinsa, ko kallona bai yi ba. Ina gyaɗa kai kamar na sani. Da aka idar da azahar kowa ya tafi cin abinci, na shiga sito. Kwalin da aka ajiye allon nan a ciki yana nan a bayan tsofaffin batura, da rubutun ajami na Bukar a jikin salatif. Na ɗauko allon, na zazzage durowata na samo ɗan ƙarfen. Na auna babu shi, bolt biyu a karkace. Na ɗaura shi, bolt ɗaya cif, layi sumul, ko rawa ba ya yi. Na cire, biyu. Na mayar, ɗaya. Na yi haka ya fi sau goma, kamar wanda yake jira na'urar ta gaji ta canja magana. Gyaran da Bukar ya yi, ni da diflomata ba zan iya irinsa ba.

Sai na yi me? Na mayar da allon cikin kwali, na tura shi can baya, na kulle sito, na je na ci shinkafata. Na ce wa kaina kin shiga firamare, ƙannenki biyu sun zo, in na faɗa ni za a kora. Na ce an riga an ɗauki wani a gurbinsa, faɗar ba za ta dawo da shi ba. Na ce sai bayan salla. Duk ƙarya ce. Sunan Injiniya nake tsoron a cire mini, da kallon da mutanen zaure za su yi mini. Tir da ni. A lokacin Bukar bai wuce arba'in ba, idonsa garau, hannunsa bai manta komai ba. Da na je rumfar nan ranar na ce masa tashi, allonka lafiyarsa ƙalau, da ya sake sayen ƙarfen dalma kafin magariba.

Ummi, za ki yi kuskure a wurin aiki, babu makawa. Ranar da kika gano shi, a ranar za ki faɗa, kafin ki sa loma a baki. Ni na gwada ɗagawa, kuma kullum sai ya ƙara nauyi. A wata na farko abin da zan ce shi ne na yi kuskure. Bayan shekara sai ya zama dole in ƙara da cewa na sani na yi shiru, kuma wannan ne na kasa furtawa.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai. Kin san al'adarmu, in azumi ya matso ana zagaya 'yan uwa da abokai a nemi yafiya. Kowace shekara a ƙarshen Sha'aban nakan sa babbar riga in tafi Jakara. Mu zauna a tabarma, matarsa Ya Falmata ta kawo ruwa, in gyara murya in ce, "Bukar, azumi ya zo. Duk abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini." Shi kuma ya ce, "Haba Malam Inuwa, me ka taɓa yi mini in ba alheri ba? Na yafe, duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini kunyar da na ba ka a wurin aiki." Ni kuma in buɗe bakin nan nawa in ce, "Na yafe." Ni nake yafe masa, Ummi! Sai in taso in biyo ta Kurmi ina jin kamar an sauke mini kaya, kafin in iso Yakasai kayan sun dawo. Da zan tafi aikin hajji ma haka na yi, har ya rako ni da guzurin turare.

Wata rana na tsaya bayan sallar asuba na tambayi limamin masallacinmu, na ce wani abokina ne abin ya faru da shi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Abokin naka ya sa an raba mutum da sana'arsa, kuma mutumin har yau yana ganin laifinsa ne?" Na ce haka ne. Ya ce, "To ni a ganina ba yafiya yake karɓowa ba. Sa hannu yake karɓowa a takardar da ya rufe rubutunta da tafinsa. Ya je ya faɗa masa, tunda faɗar za ta mayar masa da wani abu." Ya ja carbinsa, sannan ya ce, "Malam Inuwa, ka ce wa abokin naka ya yi sauri." Wannan maganar ta shekara shida yanzu.

In kin ɓata wa wani, ki kira abin da sunansa. Ki ce ranar kaza na yi maka kaza. "Wanda na sani da wanda ban sani ba" magana ce mai kyau, an yi ta ne don abin da mutum ya manta da gaske. Ni na mai da ita mayafi.

Kin tuna ranar da takardar aikinki ta zo, kika je Jakara kika nuna masa? Kika dawo kina dariya kina ba mu labari, wai Baba Bukar ya ce ki bi hannun babanki, shi ne ya san aiki, kar ki yi irin tasa, shi da ya shiga abin da ya fi ƙarfinsa. Kika ce mini, "Baba, wai da gaske Baba Bukar ya taɓa gyaran rediyo?" Na ce miki ya ɗan taɓa. Na tashi na shiga ɗaki, kika ɗauka ciwon kaina ne ya motsa. A ranar na yi rantsuwa Juma'a mai zuwa zan je in faɗa masa. Juma'ar ta zo aka yi ɗaurin aure a Mandawari. Ta biyu na ce ruwa zai sauko. Ta uku na isa har bakin rumfarsa, na tarar da mutane, na taya hula na dawo. Ran Talatar da ta biyo baya ya faɗi a kasuwa, aka kwaso shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Makon jiya na je, bayan la'asar. Na roƙi Ya Falmata ta ba mu wuri. Yana kwance a katifa an jingina shi da matashi. Na zauna na kama hannunsa na hagu, mai motsin, na faɗa masa duka. Na faɗi wayar, na faɗi durowar, na faɗi layin da na ƙara a rahoto da dalilin da ya sa na ƙara. Na faɗi ranar sito. Na ce, "Bukar, gyaranka daidai yake. Ba ka ƙona komai ba. Ka fi ni iya aikin nan nesa ba kusa ba, kuma na sani shekara goma sha takwas." Ina magana ina kuka kamar ƙaramin yaro, majina har gemu.

Yana kallona. Bakinsa ya motsa, ya yi ta kokawa, sannan ya ce, "Madalla."

Kin san kalmar nan ita kaɗai ta rage masa. Ita yake faɗa in an ba shi ruwa, ita yake faɗa in an yi masa allura, ita ya faɗa miki da kika je sallama. Hawaye ya gangaro masa ta idon dama, amma idon nan kullum a cikin zubar ruwa yake tun da ya faɗi. Na ce, "Bukar, in ka ji ni ka matsa hannuna." Yatsunsa suka ɗan motsa. Na ce, "In ka yafe ka sake matsawa." Suka motsa. Na yi shiru ban ce komai ba, suka sake motsawa. Likita ya ce musu ba a san iyakar abin da yake fahimta ba, kuma a irin shekarunsa kar a sa rai da yawa.

Da na fito na tarar da Ya Falmata tsaye a bakin ƙofa, ashe ba ta yi nisa ba. Matar da ta shekara ashirin tana ƙulla ƙuli da turaren wuta tana aikawa gidaje don a ci abinci. Ta gyara mayafinta ta ce, "Malam Inuwa, shi ba zai iya ce maka komai ba. Ni zan iya, amma ba yau ba." Ta matsa ta ba ni hanya.

Na nemi wanda zan je in wanke sunansa a gabansa, babu. Manajan ya rasu. Tashar ta canja hannu sau biyu, waɗanda suke can yanzu ba su taɓa jin sunan Bukar ba. Kwalin an daɗe da sayar wa 'yan gwangwan. Na tsaya a zaure na faɗa wa abokan zamanmu, suka ce Allah ya kyauta, abu ya wuce, wani ma ya ce ai na yi ƙoƙari da na faɗa. Ƙoƙari! Kullum bayan la'asar ina zuwa Jakara. Ya Falmata tana buɗe mini, ba ta gaishe ni, ba ta kore ni. In zauna in sake faɗa masa daga farko, ko Allah zai sa wata rana ta shiga.

Ban san yadda za ki kalle ni ba bayan wannan. In kin ga ba za ki iya kirana a waya ba na ɗan lokaci, ki kira mahaifiyarki, zan ji lafiyarki a bakinta. Ita ma sai shekaranjiya ta sani.

Allah ya tsare ki a inda kike, ya tsare mutuncinki da addininki. Allah ya haɗa ki da shugabanni masu adalci, ya sa kar abincin kowa ya yanke ta hannunki. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci, ki rufe ƙofarki. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki.

In kin ɗaga hannu za ki yi mini addu'a, kar ki tsaya roƙa mini lafiya ko tsawon rai. Ki roƙi Allah ya buɗe bakin Bukar ko na yini ɗaya ne, ko da abin da zai ce mini shi ne bai yafe ba.

Wassalam.

Mahaifinki,
Inuwa